Jan Zaren da Muka Kawo Daga Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. Ina isa majalisarmu ta Ƙofar Na'isa, kafin ma in cire takalmi, wani zai ce, "Habibu, wai da gaske ne ka yi gudu a gaban jama'a da wannan tumbin?" In na buɗe shago a Kwari, mai sayen yadi ya manta da yadin ya koma tambayar yadda Koci ya yi. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji ana cewa wai a amalanke aka fitar da ni daga filin. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san Koci ba, sunansa Malam Tijjani, mutumin Zaitawa ne kamar ni. Amma in ka shigo unguwa kana neman gidan Malam Tijjani za a yi ta yawo da kai, don suna da yawa. Ka ce Koci, kowa ƙofa ɗaya zai nuna maka. Ya fi shekara talatin yana koyar da guje-guje da tsalle-tsalle a wata kwaleji a nan Kano kafin ya yi ritaya. Kakanninsa fatake ne da suka ƙetaro Sahara da raƙuma, kuma yakan ce su sun yi tafiyar wata da watanni sun dawo da riba, shi kuwa ya ƙarar da rayuwarsa yana zagaya fili ɗaya, bai je ko'ina ba. Ni ma ɗalibinsa ne. Na yi masa gudun dogon zango lokacin da nake siriri kamar sillen kara, abin da 'ya'yana har yau ba su yarda da shi ba.

Ba a fili kaɗai ya horar da mu ba. Mu 'yan cikin gari, da an idar da sallar asuba zai tattara mu, mu bi gindin badala daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Ɗan Agundi, inda tudu ya rage mu hau mu sauko. Dattawa masu fitowa daga masallaci su tsaya suna cewa, "Lafiya, Malam? Wa ya biyo ku?" Shi kuwa ya ɗaga musu hannu ya wuce. Da kwaleji ta ce tana son 'yan mata su shiga, shi ya riƙa bin zaure-zaure yana zama da iyaye, a ba shi ruwa, a ba shi haƙuri, washegari ya sake dawowa. Matarsa Hajiya Zulai ce ta ɗinka musu dogayen wanduna da ƙananan hijabai a kekenta, don kada wani uba ya sami abin cewa.

Amma abin da duk wanda ya bi ta hannunsa ya fi tunawa shi ne inda yake tsayawa ranar gasa. Kowane mai horarwa a bakin layin ƙarshe yake, inda rumfa take, inda manya suke, inda ake tafi. Koci kuwa can kwanar ƙarshe yake tafiya, wurin da babu inuwa babu ɗan kallo, ya tsaya shi kaɗai. Ya ce a nan ne ƙirji yake kama wuta, ƙafa ta zama ta aro, mai gudu ya waiga ya ga babu wanda ya damu da shi, sai zuciyarsa ta ce masa ya isa haka. Shi ma a samartakarsa a nan ya taɓa sakin tseren da ke hannunsa. To kana isowa wurin, kana neman dalilin rage gudu, sai ka ji murya kamar a cikin kunnenka: "Habibu na Zaitawa! Ɗaga gwiwa, ina ganinka!" Wallahi ko mutuwa kake yi sai ka ɗaga. Abin da hakan ya jawo masa shi ne, duk kofunan da muka ciyo wa kwalejin, bai taɓa ganin ɗalibinsa ko ɗaya ya tsinka zaren ƙarshe ba. Ihu kawai yake ji daga nesa, daga baya a zo a gaya masa.

Bara idonsa ya fara ba shi matsala. Likita ya ce hawan jinin ido ne, magani zai rage masa sauri, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Abin da ke kusa, gabansa sosai, yana gani. Na nesa kuwa sai dishi-dishi.

Ana nan sai Isuhu ya bugo waya. Isuhu ɗan Nijar ne da ya zo karatu kwalejinmu, ya zauna a shagon ƙofar gidan Koci har ya gama, yanzu shi ma malamin wasanni ne a garinsu Damagaram. Ya ce 'yarsa Mariyama za ta yi tseren mita dubu da ɗari biyar a gasar makarantun yankinsu, kuma ya roƙa an yarda za a ajiye wa Koci kujera daf da layi. Koci ya ce 'yar Isuhu ai jikarsa ce a gudu, duk abin da ke ƙafarta daga badalar Kano ya fito. Ya ce mini, "Na wasu na sha gani. Nawa nake so in gani, ko sau ɗaya, kafin a kashe mini fitilar."

Hajiya Zulai ta aika aka kira ni. Na same ta a tsakar gida tana jera alkaki da dubulan a kwanon tsaraba.

"Habibu, kai za ka raka Malam," ta ce. "Ba don ka ɗaukar masa jaka ba, jakarsa ba ya ba kowa. Aikinka ɗaya ne. Ka zaunar da shi a kujerar nan har yarinyar ta shigo. In ya motsa ka riƙe masa riga."

Na ce, "Hajiya, an gama."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Nauyinka ma kaɗai ya isa, in ka zauna masa a kan bakin rigar."

Da sassafe muka hau motar Daura. Direba ya ba Koci gidan gaba don girmansa, ni aka cusa ni baya tsakanin wani mai buhun barkono da wata tsohuwa mai zakara a kwando. Atishawa na yi ta yi har Kazaure. A can aka tsaya shan mai, wani fasinja ya sayi rake ya ari wuƙar mai raken yana ferewa, mota ta tashi da wuƙar a hannunsa. Sai ga mai rake ya biyo mu a guje yana ihu, har ya kamo daidai tagar Koci. Direba zai taka birki, Koci ya dafa masa hannu ya ce, "Dakata, ɗan ƙara kaɗan, bari in ga ƙafarsa." Ya leƙa ta taga yana cewa, "Saki kafaɗa! Kar ka dunƙule hannu!" Bawan Allah wuƙarsa yake nema, ana koya masa gudu. Da aka tsaya aka miƙa masa, Koci ya tambaye shi shekarunsa, ya girgiza kai, ya ce an yi asarar ɗan tsere a kan rake. Mutumin ya koma yana waiwayenmu, ban san abin da ya gaya wa iyalinsa ba.

A Daura muka sami fura da nono mai sanyi. Ina cikin jin daɗina Koci ya janye ƙwaryar ya ce, "Ya isa, akwai hanya." Mutum da furfura a gemu, da 'ya'ya a jami'a, an ƙwace masa fura a bainar jama'a.

A Kwangwalam muka sauka muka nuna takardu, aka buga hatimi, muka ƙarasa ɓangaren Nijar. A nan wani jandarma dogo mai fara'a ya ce a buɗe jaka. Ya ga alkaki ya yi murmushi. Ya ga usur da agogon auna gudu bai ce komai ba. Sai ya zaro wasu katakai biyu, kowanne kamar ƙaramin allo, an haɗa gindinsu da ƙarfe irin na ƙyauren taga. Ya juya su ya ce, "Baba, wannan fa?"

Katakan nan su ne bindigar Koci. Ba mu taɓa samun bindigar tashin tsere mai aiki ba, sai ya sa kafinta ya yi masa su, in ya haɗa su da ƙarfi sai ka ji tau! Da su ya tashe mu shekara da shekaru, yanzu kuma zai kai wa Isuhu kyauta. Maimakon ya yi bayani da baki, Koci ya karɓa ya ɗaga sama ya buga.

Wani jaki da ke tsaye da kayan albasa ya zabura ya yi cikin Nijeriya ba takarda ba hatimi, mai shi na bin sa. Tsohuwa mai zakara, wadda har can muke tare, ta saki salati. Ni kuwa jikina ya tuna abin da na manta, sai da na zabura na yi gaba kafin in ankara. Na ce yau a ofis za mu kwana. Ina juyowa na ga jandarman yana dariya har da riƙe ciki. Ashe shi ma ya yi gudun mita ɗari a makaranta. Kafin ka ce kwabo ya ajiye hula ya durƙusa a ƙasa da manyan takalmansa yana nuna wa Koci yadda yake tashi, Koci na zagaya shi yana cewa, "Ɗaga ƙugu. A'a, ya yi yawa. Yauwa." Fasinjoji na jira a rana, ana gyara wa hukuma ƙugu. Da za mu tafi ya ƙi karɓar alkaki, sai da Koci ya ce ba roƙo yake ba, umarnin koci ne.

Muka wuce Matameye, da la'asar muka shiga Damagaram. Isuhu na jiranmu a tasha, har yanzu ba ƙiba ko ta sisi. Ya durƙusa a tsakiyar tashar ya riƙe hannun Koci da hannu biyu. Da ya tashi ya dube ni ya ce, "Habibu? Kai ne, ko kai da wani ne a cikin rigar?" Damagarawa abokan wasanmu ne, don haka daga ranar har muka baro garin ban huta ba. Duk maƙwabcin da ya shigo gaishe mu sai ya ce an kawo Bakano a ba shi abinci ya ƙoshi.

Hausarsu Hausa ce, amma sai ka buɗe kunne. Makaranta lakwal suke ce mata. Muna tafe a hanya ana gaida shi, "Sannu, Mushe Isuhu," na ce, "Isuhu, me ka yi musu suke zaginka haka?" Ya ce ai haka ake kiran malamin boko a nan. Na ce in ka kira malami haka a Kano sai an raba ku.

An gyara mana ɗakin baƙi, amma da magariba na ga ana fito da gadaje waje ana ɗaura gidan sauro. Mu ma a cikin gari mukan hau soro lokacin zafi, amma ban taɓa ganin an ɗauko gado sukutum an kai shi ƙofar gida ba. Da safe aka kawo dogon burodinsu, siriri kamar sanda, ɓawonsa ya kusa tafiya da haƙorina. Aka kawo cuku, busasshen nono ne mai faɗi, na gutsira ya ƙi, sai da aka daka mini shi. Shayinsu a ɗan kofi yake kamar murfin kwalba. Na kurɓi na farko na ji ɗaci har ƙeya, na yi godiya zan tashi, Isuhu ya riƙe ni ya ce ba a tashi sai an sha na uku. Kilishinsu kuwa, Bakano ba ya son cewa an fi shi, don haka na yi shiru na ci, na ƙara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda gari yake mutuwa da azahar. Na fita in ga kasuwar yadinsu, na tarar mai shago ya ja ƙofa rabi ya miƙe a tabarma, ga ni tsaye ina taɓa atamfa. Na yi gyaran murya. Ya buɗe ido ɗaya ya ce in dawo da la'asar. A Kwari ko jinya kake, in mai saye ya zo sai ka tashi ka auna masa. Na dawo ina ba Koci labari cikin takaici, ya ce shi ya sa bai ga mai tumbi irin nawa a garin ba.

Da yamma muka je filin, jar ƙasa ce an ja layuka da farar ƙasa. A nan muka ga Mariyama, doguwa, ba ta da yawan magana. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, sannu da hanya." Aka ce ta ɗan gwada. Koci ya tsaya daf da layi, ta wuce shi, ya karkata kai yana sauraro, ya ce takunta na Isuhu ne amma numfashinta ya fi na Isuhu. Daga nan ya taka zuwa kwanar ƙarshe, na bi shi. Da ta iso wurin a zagayen ƙarshe, kanta ya ɗan juya gefe kamar mai neman wani, kafaɗarta ta sauka.  Sai da ta sha ruwa Koci ya kira ubanta.

"Isuhu, wa yake tsaya mata a kwana?"

"Ni ne, Koci, kullum. Amma gobe an sa ni cikin masu riƙe agogo a layi. Ba a yarda in bar wurin ba."

Koci ya shiga murza usur a hannu. Na san abin da yake saƙawa. Na ce, "Koci, ka tuna abin da ya kawo mu. In ya so ni in tsaya mata."

Ya ce, "Kira ta mu ji."

Na cika ƙirji na kira sunanta. Ya ce, "Wannan ai kiran mai sayen shadda ne. In ta ji sai ta tsaya taya." Isuhu ya juya baya yana dariya. Ni ma da na yi tunani, in na tafi kwana wa zai riƙe riga?

Mariyama ce ta raba gardamar. Ta ce, "Kaka, Baba ya gaya mini maganar idonka. Don Allah ka zauna a kujerarka. Ni zan iso inda kake."

Ya dafa kanta ya ce, "To, na ji. Zan zauna."

Washegari Koci ya saka farar babbar rigarsa da Hajiya ta sa aka buga masa. Fili ya cika. Aka gabatar da shi da Faransanci, aka sake da Hausa, aka tafa. Isuhu ya cika alkawari, kujerar na daf da layi, in Koci ya miƙa hannu zai taɓa mai wucewa. Wasu malamai mata biyu ne ke riƙe da zaren, ja ne irin na saƙa, sai zagayen ƙarshe ake miƙa shi. Koci ya roƙa aka ba shi ya shafa. Ya ce irinsa yake saya a Kurmi duk shekara, ya ba a riƙe, shi ya tafi kwana. Na zauna kusa da shi, na danne bakin rigar da cinya, na kuma damƙe hannunta.

Aka kira 'yan mata. Katakan Koci suka ce tau, wannan karon ban motsa ba. Tseren zagaye huɗu ne babu kaɗan. Wucewarsu ta farko Mariyama na tsakiya, Koci ya ce, "Madalla." Wucewa ta biyu tana bin bayan wata gajera mai koren kaya, yarinya mai ƙarfi kamar ba ta san gajiya ba. Koci ya sunkuyo ya ce, "Ka ji numfashinta?"

Na ce, "Ni ihu nake ji."

"Ta yi saurin bin yarinyar nan. A kwana za ta biya."

Na ƙara damƙe rigar na ce, "Koci, Hajiya."

Ya ce, "Na sani."

Ya zauna ɗin. Ya dubi malaman nan da zarensu, ya dubi can inda ba ya iya gani. Sai ya sunkuya kamar zai gyara takalmi. Ni ina kallon 'yan mata. Da na juyo, riga na hannuna, babu mutum a ciki. Ya zare kansa ta wuyanta, ya bar takalmansa a gindin kujera, ga shi can da 'yar shara da wando yana bin gefen fili da sassarfa. Filin gudu ko'ina iri ɗaya ne, ƙafarsa ta san hanya ba sai da ido ba.

To a nan ne na yi gudun da ake ta magana. Na rungumi riga na bi shi ina kira. Jama'a suka rabu biyu, rabi na kallon 'yan mata, rabi na kallon Bakano. Na ji wani yana cewa, "A kama masa tumbin!" Ina cikin haka aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe. Tsohon da ya haura saba'in ya riga ni isa, ni kuwa ina zuwa na zube a kan gwiwa, ƙirjina na ƙuna irin na da.

Suka taho. Mai koren kaya na gaba, Mariyama na baya, tazara na buɗewa. Na ga kanta ya fara juyawa gefe, na ga kafaɗar ta sauka, daidai yadda ta yi jiya. Sai muryar ta tashi a kaina, ba ta tsufa ba ko kaɗan:

"Mariyama 'yar Isuhu! Ɗaga gwiwa, ina ganinki!"

 Rabona da jin kiran nan tun ina saurayi, kuma ban san ina kewarsa ba sai da na ji hawaye na bin kumatuna. Yarinyar ta ɗago kamar an zuba mata ruwan sanyi, ta ɗaga gwiwar, ta wuce mu. Daga nan sai ihu, can nesa, yana ƙaruwa har ya fashe.

Koci na tsaye, hannu a baya, fuskarsa na fuskantar inda ihun yake, yadda ya saba tsayawa duk tsawon aikinsa. Ya ce, "Wa ya ci, Habibu?"

Na ce, "Koci, ban gani ba. Ƙasa nake kallo."

Ya ce, "Tun kana siriri ba ka da amfani."

Wasa yake, amma ni raina ya ɓaci. Na ji haushin kaina, na ji haushinsa. Mun ƙetaro ƙasa don abu ɗaya, an ajiye masa shi a gaban hanci, ya tashi ya bar shi, kuma mu duka mun san idon ba zai jira wata gasar ba.

Sai na ji ihun ya canza, kamar yana matsowa. Na ɗaga kai. Mariyama ce ta juyo tana tahowa, ba gudu ba tafiya ba, tana tangaɗi, jama'a na buɗe mata hanya. Jan zaren na kwance a ƙirjinta, bakinsa biyu na jan ƙasa, ta dafe shi da hannu don kada ya faɗi. Ba ta tsaya karɓar ruwa ba, ba ta tsaya wurin ubanta ba. Ta zo har gaban Koci, daf da shi, inda idonsa yake kaiwa, ta sauke hannun. Da ƙyar maganar ta fita.

"Kaka, na ce maka zan iso."

Koci ya matso da fuskarsa. Ya daɗe yana kallo, ya dubi zaren, ya dubi fuskarta, ya sake duban zaren. Ya ce a hankali, "Ashe haka yake zama." Ta cire ta ɗora masa a tafin hannu. Ban taɓa ganin Koci ya yi kuka ba, ko ranar da aka yi masa walimar ritaya. Ran nan ya yi, a tsaye, ba takalmi, ni kuma na miƙa masa hannun rigarsa ya share.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Isuhu ya cika mana jaka da kilishi da cuku. Jandarman nan na ganinmu ya taso ya ce, "Baba, an ci?" Koci ya zaro zaren ya nuna masa, mutumin ya ƙame ya sara.

Hajiya Zulai ce na fi jin tsoro. Muna shiga, ko ruwa ba ta bari na sha ba ta ce, "Ya zauna?"

Na fara kame-kame. Na ce rigar dai ban sake ta ba. Koci ya ce, "Ƙyale shi, ya yi iyakar ƙoƙarinsa," ya ɗora mata zaren a cinya ya ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe tana juya shi a hannu. Ta ce, "Amma ka gani?"

Ya ce, "Na gani. Har kwana aka kawo mini."

Ta dube ni ta ce, "Dama na san ba za ka iya ba. Ni da na yi shekara arba'in ina riƙo ban iya ba." Ta tashi ta ɗauko usur ɗinsa, ta cire tsohuwar igiyar, ta tufka jan zaren ta zura masa. Shi ne yake rataye a wuyansa yanzu.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi. Idon ya ƙara ja baya. Yana zaune a ƙofar zaure, bai gane ni ba sai da ya ji takuna, ya ce har yau ina jan ƙafar hagu. Muka yi hira, na yi sallama na kama hanya. Na kai kwanar lungunsu ke nan, daidai wurin mai kayan miya, sai na ji daga baya:

"Habibu na Zaitawa! Ɗaga gwiwa, ina ganinka!"

Na san daga inda yake zaune ba ya ganina. Mata na sayen tattasai, ga abokin cinikina na tahowa a babur, ga ni da babbar riga da tumbi. Na tattare rigar na ɗaga gwiwar, ban sauke ba sai da na sha kwana.